Jujin da Ya Daina Zuwa Gona

A gidanmu, watan shirin shuka shi ne watan kwasar juji. Da zarar iskar bazara ta fara kaɗawa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, Baba zai tashe mu bayan sallar asuba, a ɗaura wa jaki mangala, a miƙa wa kowa fartanya ko kwando, mu nufi bayan danga. A can sharar shekara guda take jibge. Tokar murhu ce, da kashin awaki da na kaji, da ƙaiƙayin gero, da ɓawon gyaɗa, da ragowar harawar da dabbobi suka tattake, da tsohuwar tabarma, da ƙwaryar da ta fashe har ta fi ƙarfin ɗinki. Idan ka sa fartanya ka kai ƙasan jujin, za ka tarar duk sun narke sun zama baƙar ƙasa mai laushi da ɗumi, mai wani irin ƙamshi da duk wanda ya tashi a gidan noma ya san shi. Haka za mu yi ta sawu har hantsi ya dubi ludayi, muna zubewa a gona tsibi-tsibi, a bar su nan sai ruwa ya sauka a baje. Kafin damina ta kankama bayan gidanmu ya koma fili, an share shi tas, yana jiran sharar wata shekara.

Ban taɓa jin wani a garinmu ya kira wannan abu matsala ba. Dukiya ce, kuma ana kishinta. Na ga maƙwabta biyu sun kai ƙara gaban mai unguwa a kan jujin da ke tsakanin gidajensu, kowa na cewa sharar gidansa ta fi yawa a ciki. Wurin da ake ɗaure dabbobi ranar kasuwa kuwa, sai mai uwa a gindin murhu ke samun izinin kwasarsa. Bayan girbi Fulani kan sauka a gonar mutum da shanunsu, su ci kara da karmami, su bar masa kashin shanu, wani lokaci har mai gona ya haɗa musu da damin dawa don su ƙara kwanaki. Ƙasarmu ta kudancin Jigawa, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram har Basirka, ba ta yafe wa wanda ya hana ta taki. Idan ka ba ta, ta ba ka gero da gyaɗa da riɗi. Idan ka hana ta shekara biyu a jere, ƙuduji ya cinye maka dawa.

Kuma ba ƙauye kaɗai ke wannan lissafi ba. Birnin Kano, wanda a ƙarƙashinsa muke har zuwa ƙirƙirar Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, ya daɗe yana rayuwa a kan irin wannan musayar. Jakuna kan shiga ƙofofin birni da itace da hatsi, su fito da mangaloli cike da sharar birni zuwa gonakin karkara. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin gonakin kewayen Kano tun shekarun 1960, abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba, amma ba ta mutu ba. Amsar tana kan bayan jakunan nan. Birni yana ci daga gona, gona tana ci daga birni. Ba hukuma ce ta tsara haka ba, ba kuma an ba wani kwangila ba ne. Kowa ya ga ribarsa a ciki, shi ya sa abin ya ɗore.

Ba na so mai karatu ya ɗauka ina cewa dā komai tsaf yake. Ba haka ba ne. Ƙuda ya yi yawa, bayan gari ya cika da bahaya, ruwan kududdufi ake sha a wurare da dama, kurkunu yana kwantar da magidanta a tsakiyar damina, cutar da sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Yara da yawa sun mutu da gudawar da yau ruwan gishiri da sukari ke warkarwa. Abin da nake faɗa guda ɗaya ne: sharar wancan zamani ta san hanyar gida. Daga ƙasa ta fito, ƙasa take komawa.

Dalili kuwa shi ne yawancin abin da muke ɗaukar kaya da shi, daga daji ko gona muka samo shi. Daddawa a ganyen kalgo ake ƙunsa ta. Goro yana zuwa daga kurmi a cikin huhu, lulluɓe da ganye. Mai zuwa sayen man gyaɗa da kwalbarsa yake tafiya, mai sayen nono da ƙwaryarsa, mai sayen ƙosai da kwanonsa. Tsire a takarda ake naɗe shi. Inna idan za ta aike ni kasuwa, da faifai da ɗan kwando take haɗa ni, in na dawo a rataye su a bango sai wani aiken. Abin da ya lalace a cikinsu, ko akuya ta cinye, ko gara ta cinye, ko ya shiga murhu ya fito toka.

Ba zan iya tuna ranar da leda ta shigo garinmu ba, don ba da ganga ta shigo ba. Na dai tuna lokacin da take abin marmari, ana wanke ta a shanya a kan igiya, a ninke a ajiye ƙarƙashin katifa. Daga baya ta yi arha har mai kayan miya ya fara ba da ita kyauta, tattasai a leda ɗaya, albasa a wata, a haɗa su duka a jefa cikin ta uku. A shekarun 1990 ruwan leda, fiya wata, ya bazu daga manyan birane zuwa tashoshin mota, daga tashoshi zuwa kasuwannin ƙauye. Sai kunun zaƙi ya koma leda, zoɓo ya koma leda, alala da tuwon biki duka suka koma leda. Omo da madara da magi da man shafawa aka ƙulla su ƙanana-ƙanana daidai aljihun talaka. A baya-bayan nan kuma ga kunzugun jarirai na zamani, ga gorar lemo, ga robar maganin feshi da manoma ke yarwa a bakin gona, ga matattun batura da fitilun caji.

Adalci ne a faɗi cewa leda ba da ƙarfi ta ci mu ba. Ta sauƙaƙa wa mutane rayuwa ne. Matar da ke cikin kulle tana ƙulla kunu ta ba yaro ya kai bakin titi ba ta fargabar kwanonta ya ɓata. Matafiyin da ya sayi fiya wata a tasha ya fi wanda aka ɗebo wa ruwa da moɗa ɗaya da mutum hamsin suka sa wa baki samun kwanciyar hankali. Wanda ba shi da kuɗin gwangwanin madara ya iya sayen ƙulli ɗaya ya sha shayi. Duk wanda zai yi wa mutane wa'azi a kan leda ba tare da ya amsa wannan ba, ba za a saurare shi ba, kuma da gaskiyar masu ƙin sauraren.

Kuskurenmu shi ne kaya sun canja amma hannunmu bai canja ba. Hannun da ya saba yar da ganyen kalgo a ƙasa, ya san gobe ba zai gan shi ba, shi ne ya ci gaba da yar da leda a wuri guda, da irin wannan sakankancewar. Tsintsiya ta ci gaba da tattara komai wuri ɗaya, kwando ya ci gaba da kai komai juji ɗaya. Sai juji ya gurɓace.

Na fara gane girman abin ne shekarar da akuyar Inna ta mutu. Akuya ce mai haihuwar tagwaye, ita ce asusunta, da kuɗin 'ya'yanta take wa ƙannena kayan ɗaki kaɗan-kaɗan. Ta fara ramewa alhali cikinta na kumbura, tana ƙin dusa, tana tsayawa a inuwa kai a sunkuye. Aka ba ta kanwa, aka ba ta saiwoyi, aka sayo magani, ba abin da ya canja. Da aka ga za ta tafi a banza sai aka kira mahauci ya yanka. Da ya farke tumbin, abin da ya zaro dunƙulen leda ne baƙi, a murɗe kamar igiya, ya kusa kai girman kan yaro. Mahaucin ko mamaki bai yi ba, ya ce kusan kullum yana gani. Inna ba ta ce komai ba, ta juya ta shige ɗaki. Ku tambayi kowane sarkin pawa daga Sara zuwa Birnin Kudu, zai ba ku irin wannan labari. Dabba tana bin gishiri da maiƙon da ya rage a jikin leda, ta haɗiye, cikinta ba ya iya narkar da ita, ta mutu da yunwa alhali tumbinta a cike.

Gona ma ta fara mayar mana da martani. Manomin da ya kwashi jujin gari a yau, rabin aikinsa tsince-tsince ne. Garmar shanu tana tafiya tana tono ledojin da aka zuba shekaru biyar da suka wuce, suna nan yadda suke. Inda leda ta kwanta a ƙarƙashin ƙasa ruwa ba ya ratsawa yadda ya kamata, saiwa ba ta samun hanya. Ga fasasshiyar kwalba, ga allurar da wani mai kemis ya yar, ga reza, a gonar da yara ke shiga ba takalmi. Da yawa sun haƙura da jujin gari, sun tsaya ga abin da turken gidansu ya ba su, sauran su nemi takin zamani. Shi kuma jujin da ba mai so sai ya zauna, ya yi tsawo, ya ci hanya, ya gangara kududdufi. Idan ya dami mutane a cinna masa wuta. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan kasuwa da magariba a lokacin hunturu ya san wannan hayaƙin mai ɗaci da ke kwanciya a kan gari, yana shiga ɗakin mai jego da na mai asma. Abin da ke ƙonewa a ciki ba leda kaɗai ba ce. Har da abincin gonar da muke kukan ta gaji.

Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Buhun takin zamani ya yi tsadar da ƙaramin manomi sai ya sayar da tunkiya kafin ya saye shi, wani ma sai dai ya auna a kwano. A lokaci guda muna ƙona toka da kashin dabbobi da ruɓaɓɓen kayan gwari saboda sun cakuɗe da leda.

Garuruwan bakin titi irin Basirka kasonsu ya fi na kowa. Motocin da ke bin hanyar Birnin Kudu da Gwaram zuwa ƙasar Bauchi da Gombe suna tsayawa, fasinja ya sayi ruwa da rake da awara, ya ci, ya zuge gilashi ya watsar. Ranar kasuwa ƙauyukan kewaye su cika gari, da yamma su watse, su bar wa masu gari abin da iska za ta yi ta yawo da shi har mako ya zagayo. Ka dubi itatuwan ƙaya da ke gefen gari da rani, kowane reshe da baƙar leda a maƙale. Ruwan farko kuma ya tattara duka ya kai kwata da ƙarƙashin kwalbati. Ba na cewa leda ce ke kawo ambaliyar da ta addabi Jigawa a 2022 da sauran shekaru, wannan ruwa ne da ya fi ƙarfin kowace kwata. Amma ruwan da ke shiga gidaje bayan ruwan sa'a ɗaya, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna, sau da yawa kwatar da ta toshe ce sanadinsa, kuma mu muka toshe ta.

To wa ke da alhakin kwashewa? Tsarin Mulkin 1999 ya sa kwashe shara a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A Jigawa akwai hukumar kare muhalli ta jiha, JISEPA, a Kano akwai REMASAB. Manyanmu suna tuna duba-gari na zamanin En'e, mai shiga gida ya leƙa randa ya duba makewayi, wanda ake jin tsoronsa fiye da ɗan doka. Mu kuma mun tashi da tsaftar ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980: ranar Asabar a hana zirga-zirga, kowa ya fito da tsintsiya da shebur. Tana da amfaninta. Sai dai sau nawa muka yashe kwata, muka tara dattin a bakinta muna jiran motar da za ta kwashe, motar ba ta zo ba, ruwa ya mayar da shi inda ya fito? Shara ba ta gushewa don an matsar da ita daga ƙofar gida zuwa bakin titi.

Wannan jiran mota shi ne abin da muka koya daga manyan birane, kuma su kansu bai fisshe su ba. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan kashi 48 cikin 100 na sharar birane ake iya kwashewa, a wajen birane kuwa kashi 26 ne. Ya ce Afirka kudu da Sahara ta tara kusan tan miliyan 174 a 2016, kuma ana sa ran adadin ya ninka kusan sau uku kafin 2050. Wadda aka kwashe ɗin ma, galibi wani fili ake samu a bayan gari a jibge. A Addis Ababa, bolar Koshe ta zaftare a watan Maris na 2017 ta binne mutum fiye da 100. A Kampala, ta Kiteezi ita ma ta zaftare a watan Agustan 2024. Idan Kano mai tifofi da ma'aikata da kasafin kuɗi tana fama, ƙaramar hukumar Gwaram mai garuruwa a warwatse, ga tsadar man fetur tun bayan cire tallafi a 2023, ba za ta aika mota kowane lungu ba. Gara mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Amma rahoton nan ya faɗi wani abu da ya fi waɗancan alƙaluma amfani a gare mu: fiye da rabin sharar ƙasashe irin namu abu ne mai ruɓewa. A gari irin Basirka, inda kusan kowane gida ke da murhu da turke, ido ma ya isa ya nuna maka haka. Wato mafi nauyin abin da muke kira shara ba ya bukatar tifa. Jaki da amalanken shanu sun ishe shi, kuma akwai mai jiransa da murna a gona. Abin da ya hana shi tafiya ɗan kaso ne marar nauyi da ya shiga cikinsa.

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar doka. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan ta ga yadda take toshe magudanan ruwa. Ruwanda ta hana a 2008, ta kuma tsaya a kan dokar har a bakin iyaka. Kenya ta bi sahu a 2017. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san leda ba ta bar hannun mutane ba. Ina goyon bayan a taƙaita siririyar baƙar ledar nan da ba ta yin aiki sau biyu. Sai dai doka ba ta kama ƙasa idan ba a ba mai ƙosai abin da za ta zuba a ciki ba, kuma ba za mu zauna jiran doka alhali damina na zuwa ba.

Akwai kuma waɗanda tuni suke wannan aiki muna raina su. 'Yan jari-bola, masu yawo da buhu da maganaɗisu, da masu kura suna kiran a kawo tsohon ƙarfe da roba. Ka lura, ba ka ganin tsohon ƙarfe ko dalma a juji, ba ka ganin gorar ruwa mai kyau tana yawo, don masu zoɓo da masu man ja suna saye. Duk abin da ke da farashi yana da mai ɗauka. Na san ƙorafin da ake yi a kansu, na sata da ɓalle ƙarafan jama'a, kuma wani ƙorafin gaskiya ne. Maganinsa a san su, a yi musu rajista a wurin hakimi ko ƙaramar hukuma, a san inda suke kai kaya. Ledar fiya wata ma akwai masu narkar da ita a Kano. Ba ta da nauyi, sai an tara da yawa take biyan kuɗin mota, kuma ba ta tsada idan ta cakuɗe da ƙasa da ruwan miya. Nan ma maganar ta dawo wuri guda: a raba tun daga tsakar gida.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa, mun taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili. Wanda ya san bayan garuruwanmu shekaru talatin baya ya san wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Ba motar gwamnati ce ta yi shi ba. Ma'aikatan lafiya sun zauna da dagatai da masu unguwanni da limamai, unguwa ta yi taro, aka ji kunyar juna, kowane magidanci ya haƙa masai a gidansa. Jama'ar da ta iya canja wannan ɗabi'a ba za ta gaza rataya buhu ɗaya a bakin zaure ba.

Don kuwa iyakar abin ke nan a matakin farko. Tsohon buhun taki guda, a rataye shi kusa da madafa, leda da roba su shiga nan, kada su taɓa juji. Kwalba da reza da batir a gwangwani daban. Robar maganin feshi kada ta koma gida a zuba mata mai ko ruwan sha. Toka da kashin dabbobi da ɓawo su tafi inda suka saba tafiya tun zamanin kakanni. Na gwada a gidana shekara biyu ke nan. Watan farko sai da na yi ta faɗa da yara, uwargida ma tana ganin na ɗauko wa kaina aiki. Bana da na sa fartanya a jujin bayan gida, na sake jin ƙamshin nan na ƙuruciyata, amalanke uku na kai gona ba tare da na tsinci ko ƙulli ɗaya ba. Buhunan leda kuwa suna nan jingine a zaure, kuma nan ne ƙarfina ni kaɗai ya ƙare.

Saboda haka roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu: ku ware wuri ɗaya a kowace babbar kasuwa, a kewaye shi, inda za a riƙa tara leda zalla, ku haɗa masu tarawa da masu saye. Ranka ya daɗe hakimi, da dagatai da masu unguwanni, ku sa maganar a bakinku kamar yadda kuka sa ta masai. Sarkin kasuwa, kuɗin da ake karɓa a hannun 'yan tireda da masu rumfa, a ga wani abu daga cikinsa a hannun masu shara washegarin kasuwa. Malam liman, minti biyu bayan sallar Juma'a sun isa. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, kafin hadarin bana ya haɗu, ka zaga bayan gidanka da fartanya ka tona jujinka, ka ga abin da za ka kai gona.